Saƙon da Na Kai wa Malam Iro a Mahjar

Gari bai gama wayewa ba muka bar Zariya, mu uku a bayan wata tsohuwar motar haya da tagarta ɗaya ba ta rufuwa. Ni ne, da shugaban reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan jirgin ƙasa, da ma'ajinmu. Tun da na dawo kuke tare ni a hanya kuna tambaya, wai mun ga Malam Iro ko ba mu gan shi ba, wai me ya sa takardar yabon da kuka sa wa hannu ta dawo a cikin jakata. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya. Ba labarin aikin Hajji zan ba ku ba, wannan mun yi, Allah ya karɓa. Labarin kwana tara da muka yi a Jidda muna jiran jirgin dawowa zan ba ku.

Saboda waɗanda suka shigo aiki bayan tafiyar Turawa, bari in fara faɗin ko wane ne Malam Iro. Makanike ne a loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, kuma shi ya fara tara ma'aikata a gindin ɗorawa yana karanta musu abin da ke cikin takardun ɗaukarsu aiki. A zamanin, ɗakin shan maganin ma'aikata ƙofa biyu gare shi. Ta gaba mai matakala da inuwa ta Turawa ce. Ta baya, kusa da kwata, ita ce tamu, kuma ba a buɗe ta sai ƙarfe goma. Wata safiya ƙarfe ya datse wa wani lebura hannu tun kafin takwas. Malam Iro ya saɓo shi a kafaɗa, ya hau matakalar nan, ya shiga ta ƙofar gaba, ya kwantar da shi a gadon da ba a taɓa kwantar da baƙar fata ba. Washegari aka kori Malam Iro daga aiki, kwana biyu bayan nan loko duka ya tsaya cik. Da aka kai shi kotu ba a yi maganar ƙofa ba. Cewa aka yi ya doki mai gadi kuma ya tunzura ma'aikata. Ya yi shekara uku a kurkuku. Da ya fito babu mai ɗaukarsa aiki, sai ya nufi gabas, aka daina jin ɗuriyarsa, sai daga baya alhazai suka riƙa cewa yana Jidda.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba ku sani ba, abin da ko abokan tafiyata ban gaya wa ba, shi ne mai gadin ƙofar nan mahaifina ne. Da izininsa nake rubuta wannan. Malam Iro bai taɓa shi ba. Hasali ma shi ya riƙe musu ƙyauren suka wuce. Amma an kira shi ofis an nuna masa abin da zai faɗa, aka tuna masa yana da 'ya'ya shida a gidan ma'aikata, ya je ya yi rantsuwa a kan ƙarya. Ana gobe za mu tashi ya kira ni ɗakinsa bayan la'asar. Ƙafafunsa sun kumbura, ya shekara bai fita ƙofar gida ba. Ya ce, "Ka nemo min Iro. Ka ce masa ƙarya na yi, ka roƙa min gafararsa tun ina da rai. Kada ka dawo min da dabino ka ce ba ka gan shi ba." Saboda haka shugaba da takardar yabo ya tafi, ni kuwa da wannan na tafi.

Hanyar Kano ba ta ba mu wahala ba, in ban da tayar da ta fashe da kuma shugaba da ya yi mana jawabi tun daga nan har muka isa. A sansanin alhazai muka kwana biyu. Jirgin sama kuwa, ni da na yi shekara goma sha biyar ina aikin jirgin ƙasa, ban ji kunyar riƙe hannun ma'aji ba lokacin da ya ɗaga.

Bayan mun gama aikin Hajji aka kwaso mu daga Makka aka zube mu a Madinatul Hujjaj, masaukin da alhazai ke jiran jirgi a Jidda. Duk wanda ya ce muku ya san zafi bai je Jidda ba. Ba rana ce kaɗai ba, wani irin gumi ne da ke taso wa daga teku, ka yi wanka ka fito ka rasa inda ruwa ya ƙare gumi ya fara. Fasfunanmu suna hannun wakili, shi kuma kalma ɗaya ya iya: bukra, wato gobe. Ka tambaye shi da safe, bukra. Ka tambaye shi da yamma, bukra in sha Allah. Mutane sun kafa gari a kan kayansu. Ga rediyo, ga faranti, ga darduma, ga jarkokin zamzam, kowa na zaune a kan nasa yana hararar na maƙwabcinsa. Ma'ajinmu ya sayi agogon bango har uku, kullum da safe sai ya kwance su ya duba ko suna tafiya daidai. Abinci dai ba laifi. Da safe akwai ful, wani dafaffen wake da suke damawa da mai, ka haɗa da faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Shayinsu kuwa a wani ɗan mitsitsin kofi ake ba ka, kurɓa uku ya ƙare, kuma kuɗinsa a gida tulun koko ne.

Ba wanda ya san ranar da za a kira jirginmu. Yana iya zama yau, yana iya zama mako mai zuwa. Saboda haka na matsa mu fara neman Malam Iro tun ranar farko. Abin da muka sani kawai shi ne yana wata unguwa ta kudancin gari da ake kira Mahjar.

Shugaba ya sha babbar riga a wannan zafin, ya maƙala bajen ƙungiya a ƙirji, ya rungumi takardar yabo da aka sa a gilashi. Muka tsaya a bakin titi. Tasi uku suka rage gudu, suka dube mu, suka wuce suka ɗauki waɗansu a gabanmu. Na huɗu ya tsaya, ya faɗi kuɗin da ya sa ma'aji ya yi salati. Garin duk a tone yake. Ko'ina rami, ko'ina siminti, manyan motoci na ta kai da kawowa daga tashar jiragen ruwa. Muna yin kudu gine-ginen suna raguwa, har muka shiga inda gidajen na langa-langa ne da katakon akwatunan kaya. Da na sauka sai na ji ƙamshin tsire, suna ce masa siriya a can, kuma na ji wata mata na ƙwala wa 'yarta kira da Hausa. Har raina na ji kamar na iso gida, na ce a zuciyata kafin azahar mun gama.

Muka shiga wata gahawa, wato wurin shan shayi, cike da mutanenmu. Akwai 'yan dako, akwai direbobi, akwai tsofaffi a kan dogayen kujerun igiya. Suka amsa sallama da fara'a, har an fara matsa mana wuri. Sai shugaba ya gyara murya kamar yana filin taro, ya ɗaga gilashin sama, ya ce, "Jama'a, mu wakilan ƙungiyar ƙwadago ne daga Nijeriya. Muna neman gwarzonmu Malam Iro, wanda ya jagoranci yajin aiki, ya yi shekara uku a kurkuku saboda ya ƙi bin umarnin hukuma!"

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ni ne mai rubuta bayanan taro a reshenmu, kuma hannuna ya saba. Yana fara magana na zaro littafi da biro, na juya wajen mutumin da ke kusa da ni na ce, "Malam, sunanka?"

Mutumin ya ajiye kofinsa, ya ce zai kama ruwa. Na kusa da shi ya tuna ya bar mota a kunne. Kafin shugaba ya kai ƙarshen jawabinsa babu kowa sai mu da mai gahawa, shi ma yana tattara kofuna. Ya ce, "Mafi, ya shaikh, ba mu san shi ba. Yalla, zan rufe, lokacin salla ya yi." Ƙarfe goma na safe ne.

Haka muka yi kwana uku. Muka je Waziriyya, aka ce ba a taɓa jin sunan ba. Muka je bakin Madinar Masana'antu, inda sababbin ma'aikatu da rumbunan ajiya suke, muka tsaya a rana muna tare leburori lokacin tashi, suna ganin gilashin nan suna sauya hanya. A ko'ina shugaba sai ya maimaita jawabinsa, har ya ƙara masa tsawo, don a ganinsa ba su fahimta ba ne. Da yammar rana ta uku ya yanke hukunci cewa mutanen Jidda ba su da kishin ma'aikata, ya kawo shawarar mu kafa kwamitin bincike. Mu uku ne fa. Ya naɗa kansa shugaban kwamiti, ma'aji ya goyi baya, aka ce in rubuta. Ban taɓa jin haushin biro irin na ranar ba. Ina rubutu ina jin lasifika na kiran jirgin waɗansu, ina tuna ƙafafun mahaifina.

Rana ta huɗu na ce musu cikina na ciwo, na sulale na koma Mahjar ni kaɗai. Ban san ma abin da zan yi ba. Yunwa ta kai ni wajen wata tsohuwa da ke toya waina a bakin wani lungu. Daga baya na ji a Sudan aka haife ta, iyayenta suna kan hanyar Makka. Ta zuba min, ta bar ni na ci biyu, sannan ta ce, "Kai ne mai littafin nan?"

Na ce ni ne, Hajiya.

Ta ce, "Ya waladi, kun san inda kuke kuwa? Ƙasar nan ko kalmar ƙungiya ba a faɗinta da ƙarfi. Mutanen da kuka tarar a gahawa, waɗansu ba su da iƙama, waɗanda ke da ita kuma a hannun kafili take, ranar da ya ga dama ya ce halas, sai jirgi. Sai ga ƙarti uku da baje da biro, suna neman wanda ya yi kurkuku, suna tambayar suna. Wallahi tun shekaranjiya akwai waɗanda ba su koma ɗakunansu ba saboda ku. In mutumin nan yana nan, so kuke a kama shi?"

Iƙama ita ce takardar izinin zama, kafili kuma ɗan ƙasar da ya tsaya maka. Duk na san wannan, an gaya mana tun a Kano. Amma ban taɓa haɗa shi da littafina ba. Na ajiye wainar. Mun zo karrama mutum, mun kwana uku muna yi masa shela a inda shela ke iya raba shi da gari.

Na ce, "To Hajiya, yaya ake yi?"

Ta ce, "Nan ba a tambayar mutum. Kai za ka faɗi kanka. Wane ne kai, ɗan wane, daga ina. Ka ajiye maganar a nan ka yi tafiyarka. In akwai mai wannan sunan, za ta kai kunnensa. In yana son ganinka zai aiko. In bai aiko ba, ka haƙura."

Nan fa lissafina ya rushe. Dabarar da na ƙulla tun daga gida ita ce in ɓoye sunan mahaifina har sai na zauna a gaban Malam Iro, na sha ruwansa, ya saki jiki da ni, sannan in fito da maganar a hankali. Yanzu ga shi an ce sunan ne zai riga ni zuwa, kuma mutumin yana da damar ya ji ya yi shiru abinsa, in hau jirgi ban ko san ya ji ba. Na yi tunanin in ce ni ɗan wani abokinsa ne. Sai na ga ƙarya ce ta kawo ni, ba zan buɗe ƙofar da wata ba. Na ce, "Daga Zariya nake. Ɗan Audu ne ni, Audu mai gadin ƙofar gaba. Zai gane." Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta juya wainarta ta ce in gaida mutanen masauki.

Kwana uku na yi ina jira. Ban taɓa zama mai saurin fushi kamar a kwanakin nan ba. Na yi faɗa da wani a layin famfo, na yi faɗa da ma'aji a kan ƙarar agogunansa, na kusa zagin wakili da ya ce min bukra. Kowa addu'a yake a kira jirginmu, ni kuwa duk lokacin da lasifika ta yi ƙara sai in roƙi Allah kada namu ne. Da na gaya wa shugaba abin da tsohuwar ta ce, ban da maganar mahaifina, sai ya yi kicin-kicin da fuska ya ce na yi aiki ba da izinin kwamiti ba. Amma dai ya cire bajen daga ƙirjinsa.

Safiyar rana ta takwas wakili ya zo da kansa ya ce bayan la'asar za a raba fasfo, jirginmu ya samu. Alhazai suka hau ɗaure kaya. Ina tsaye na rasa abin yi, sai ga wani ƙaton mutum a bakin shinge, direban tankar ruwa, yana tambayar ɗan Audu. Haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa amma ba ta zama a bakinsa. Ya ce, "Ammu ya ce ta'al. Kai wahid, ba littafi." Wato in zo ni kaɗai. Ammu baffa ke nan, kuma haka zan bar shi, don a can ba Iro ake ce masa ba, sunan kuwa ba zan rubuta ba. Shugaba ya so ya biyo mu, direban ya girgiza kai. Sai ya cusa min takardar yabon, na naɗe ta a cikin haramina na hau tanka.

Wani ɗan shago ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, cike da risho da fitilu da kawunan famfo. A tsakiyarsu wani ɗan tsoho na zaune, siriri, da farin gemu, ɗaure da zane irin na mutanen can da singileti. Ni da na taso ina jin labarinsa, ƙato nake tsammani. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa bai ɗago ba, ya miƙo min wani risho ya ce, "Riƙe min nan." Na riƙe, ya ɗaure, ya hura, ya kunna, wuta ta kama shuɗiya. A kan wannan rishon ya dafa mana shayi. Sai a sannan ya dube ni sosai ya ce, "Goshinsa gare ka."

Bai bar ni na yi magana ba sai da ya gama tambaya. Wane yana nan? Ya rasu. Wane fa? Ya makance. Ɗorawar nan fa? An sare ta an yi ofis. Ya ba ni labarin tafiyarsa a taƙaice, kamar na wani ne ba nasa ba: shekarun da ya yi yana tsinkar auduga a Sudan, da jirgin ruwan da ya haye da su, da tallar ruwa a lungunan Jidda da garwa biyu a kafaɗa, har ya samu wani ɗan ƙasa ya tsaya masa ya buɗe shagon. Na tambaye shi ko a nan ya huta da maganar ƙofa biyu. Ya yi 'yar dariya ya ce ba Bature kaɗai ya iya gina ta ba. Ya ce akwai wani rumbun ajiya da ake kiransa gyaran famfo, na ofis suna shan ruwan sanyi, leburori kuwa, namu da 'yan Yaman da sauransu, sai na tankin da ke rana. "Nan ba a taro, ba a jawabi," in ji shi. "Amma ni makanike ne. Na haɗa bututun biyu ta ƙarƙashin ƙasa. Yau shekara biyu kowa sanyi yake sha, mai rumbun yana ta mamakin yadda injinsa ke shan wuta."

Na kwance takardar yabo na ba shi. Ya ce in karanta masa. Da na zo kan gwarzo sai ya yi tsaki. Da na gama ya ce, "Mamman da hannunsa ya datse, sunansa na ciki?" Na ce babu. "Matan da suka ciyar da loko duka lokacin yajin fa?" Na ce babu. Ya ce, "To mayar musu. Ka yi musu godiya. Ka kuma gaya wa mai babbar rigar nan, takarda mai hatimin ƙungiya in aka gan ta a ɗakina, ni da kafilina duka mun shiga uku." Kun ji dalilin da ta dawo.

Rana ta fara yin sama, ina jin lokaci na tafiya. Na gyara durƙuso na ce, "Baba, ba takardar ce ta kawo ni ba." Na faɗi saƙon mahaifina yadda ya ba ni, ban rage ba, ban yi masa kwalliya ba.

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Na san Audu bai so ba. Ranar da ya yi rantsuwar nan bai iya duban inda nake ba. Shi ya riƙe min ƙyaure, ban manta ba. Shekara ukun nan haƙƙina ne, kuma na yafe masa duniya da lahira. Tun ina Sudan na yafe, bai dai sami mai gaya masa ba ne."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na fara godiya, na fara yunƙurin tashi, don hankalina ya koma wajen fasfo. Ya ce, "Zauna, ban gama ba."

Ya ce lokacin da aka ɗaure shi matarsa na da tsohon ciki. A makon aka fitar da ita daga gidan ma'aikata. Ta haihu a ɗakin aro, ba ta tashi ba. 'Yar ta rayu, aka sa mata Hajara, kakarta ta raine ta. "Ta tashi ba uwa ba uba," in ji shi. "Wannan ba haƙƙina ba ne, nata ne. Ba zan yafe abin da ba nawa ba. Audu ya je ya same ta."

Na ce tana ina. Ya ce tana Zariya, a Tudun Wada, tana auren wani tela, ya faɗi sunansa. Telan nan shi ya ɗinka rigar da ke jikina a lokacin. Na haye teku, na sha zafi, na watsa gahawa, na kwana uku ba barci, ashe rabin abin da nake nema yana inda nake kai ɗinki.

Ya rako ni bakin shago. Har na taka tanka sai ya riƙe min hannun riga, ya yi ƙasa da murya. "In kun je, ka ce mata ni ma ina nema. Audu tilasta shi aka yi. Ni da na fito ba wanda ya tilasta ni tafiya. Na je na gan ta, tana shekara uku, ta gudu ta ɓuya a bayan kakarta. Ban iya tsayawa ba. Na sha aika mata da alhazai, ba ta taɓa amsawa ba." Mutumin da ya hau matakalar Turawa bai ji tsoro ba, shi ne ya kasa duban idona yana wannan maganar.

Direban ya yi ta gudu da ni, ruwa na tambal-tambal a bayanmu, na iso masauki a jiƙe da gumi kafin la'asar. Wakili ya dube ni ya ce bukra. Sai washegari muka tashi. A jirgi shugaba ya nemi in rubuta rahoton kwamiti, na ce masa biron ya ƙare.

Mun sauka Kano da hantsi, muka iso Zariya bayan azahar. Gida cike da 'yan barka, amma ban tsaya ba sai ɗakin mahaifina. Ya ce, "Ka gan shi?" Na ce na gan shi, ya ce ya yafe duniya da lahira. Tsohon ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Ba zan ɓoye muku ba, na so in tsaya a nan. Wa zai sani? Amma abin da tafiyar nan ta koya min ke nan, tun daga kan mai waina: in kana neman wani abu a wajen mutane, kai za ka fara faɗin kanka, kuma ka faɗa duka. Mu 'yan ƙungiya mun iya jawabi, mun iya rubuta sunayen waɗansu, wannan ne ba mu iya ba. Na gaya masa saura.

Ya sauke hannuwansa daga fuska. Sannan ya ce, "Miƙo min takalmina."

Na ce ya bari sai gobe in samo mota. Ya ce ba shi da tabbacin gobe. Takalman ba su shiga ba, sai silifas ɗina ya sa. Muka tafi a hankali yana dafe da kafaɗata, muna tsayawa yana hutawa, mutane na leƙowa suna mamakin ganinsa a waje. Telan ya yi mana iso. Hajara ta fito zaure da goyo a bayanta, mace mai kamar shekara talatin, siririya irin mahaifinta. Mahaifina ya zame daga jikina ya durƙusa a gabanta da kumburarrun ƙafafun nan, ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da ya yi, da bakinsa.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Baba, tashi don Allah, ka girmi wannan. Na yafe maka. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na taimaka masa ya miƙe. Sai na ce mata akwai wani saƙon kuma, daga Jidda, na faɗa mata yadda aka ba ni. Ta gyara goyonta, ta juya za ta shiga gida. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Wannan tsohon ya zo da ƙafarsa. Shi kuma ka gaya masa ba na karɓar aike."

Mahaifina ya yi barci a ranar irin wanda ya daɗe bai yi ba. Amsar Hajara kuwa tana nan a wurina har yau, na fara rubuta wa Malam Iro wasiƙa ya fi sau biyar ina yagewa.